Ranar da Kadi Ta Gyara Ruta

"Barka da arziki, maigida, sannu da jego. Me aka samu, mace ko namiji?"

"Wa ya buɗe wa tsohuwar nan ƙofa?" in ji Abdulmajid daga kan katifa, ko juyowa bai yi ba. "Ai na ce a gaya wa masu tallar nono mun ƙoshi."

"Da ka ƙoshi da ban ƙirga haƙarƙarinka ta cikin riga ba. Tashi ka gaishe ni. Hantsi ya yi, 'yan kasuwa sun baje kaya, kai kana nan kana ɗumama katifa kamar kaza kan ƙwai."

Kadi ke nan, kakarsa ta wajen uwa. Tun da asuba ta baro rugarsu da ke bayan Bande, ta shiga motar 'yan kasuwa zuwa Dungas. Saƙon 'yarta Rakiya ne ya taso ta. Abdulmajid ya faɗi da moto, wato babur, a hanyar Magariya, ƙarfe ya tsarge masa hannun dama, aka yi masa aiki a Damagaram. Ciwon ya rufe, amma yau kwana ashirin da huɗu da dawowarsa bai taka ƙofar gida ba. Butik ɗinsa, ɗan shagon da ke jikin zaure, inda yake sayar wa mutanen unguwa tiken wifi na shiga intanet, yana nan a kulle. A tsakar gida Rakiya ta tare ta, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Inna, ki bi shi a hankali, ba ya son a yi zancen hannun." Kadi ta ce to. Da ta shiga ta ga yadda ya rame, ba ta nuna a fuska ba, ta zauna a bakin katifa.

"Mu ga hannun."

"Ba a gani kyauta."

"Ni da na yi maka tsarki kana tsala ihu, yau hannu za ka ɓoye mini? Miƙo."

Ya miƙo, fuskarsa na kallon bango. Tabon ɗinki ya taso daga wuyan hannu har tsakiyar tafi. Manuni da yatsan tsakiya sun lanƙwashe ciki, sun ƙi miƙewa. Kadi ta juya hannun sama da ƙasa yadda take juya damin kaba a kasuwa.

"Shi ke nan duka? Kai, an cuce ni. Na ɗauka an guntule shi an ba kare. Tun daga Bande nake tara kuka, yanzu ina zan kai shi?"

"Ajiye shi, zai yi miki amfani ranar da zan sake ki."

"Ka sake ni ka auri wa? Wace ce za ta karɓi miji mai barcin rana? Ni kuwa ina da masu so. Jibo mai shayi ya tare ni a ƙofa, ya ce tun da abin nan naka ya mutu ba mai zama a bencinsa. Kyakkyawan mutum, ga shi da sukari."

"Jibo haƙoransa huɗu."

"In aka haɗa da nawa sun isa cin nama."

Dariya ta taso masa, ya danne ta. Ya ce, "Abin bai mutu ba. Ina asibiti ɓeraye suka shiga suka cinye wayoyin da ke shiga bayan ruta, akwatin da ke raba wifi, guda uku. Sabon kabul yana nan, kawunan da ake sa masa suna nan. Hannu biyu aikin ke so."

"Duk ƙasar nan ba wanda ya iya sai kai?"

"Akwai Husaini a Magariya."

"To?"

"Ni na koya masa." Ya ƙara da cewa, "Ya zo ya same ni haka, yana aiki ina tsaye ina kallo?"

Nan Kadi ta gane inda ciwon yake. Ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane.

"Tashi, na ara maka hannuna. Da la'asar ka maido mini."

"Naki? Ke da in an kira ki sai ki juya salula ki yi wa bayanta magana?"

"Da gangan nake yi, ba kowa nake son ji ba. Ɗauko makulli."

Ya ce ba zai je ba. Ta ce to ita za ta je, ta fasa kwaɗon da taɓarya, ta ɗaure wayoyin yadda take ɗaure maraƙi. Ya dube ta, ya san za ta aikata. Ya tashi yana ƙunƙuni, ya zura takalmi.

Butik ɗin ya yi ƙura, yana warin ɓera. A kan tebur ga wani baƙin akwati mai ƙahoni huɗu a miƙe, wayoyi uku na reto a bayansa, duk an gaigaye su.

"Wannan bijimin ne ruta?"

"Shi ne. Ki gaishe shi, ya fi ki ilimi."

"Mai ilimi ne ya tsaya ɓera ya cinye masa wutsiya? Ina yake samo maganar da yake rabawa?"

"Daga farantin da ke kan rufi. Wannan wayar ita ke sauko da ita. Wannan ta kai ta can saman ƙarfen da ke waje, mutanen titi su samu. Ta uku ta ordinata ce, kwamfutar da ke fitar da tike."

Kadi ta leƙa ta taga ta ga farantin. "Ashe kai ma da faifai kake cin abinci. Gadona ka yi, kana ta yi mini girman kai."

Ta kai hannu za ta fizge wayoyin gaba ɗaya, ya yi ihu.

"Tsaya! Kowace da raminta. In kika haɗa su, ni kaina sai na sha wuya. Bari in nemo biro in rubuta."

"Da wane hannun?"

Maganar ta fita kafin ta tauna ta. Ta ga fuskarsa ta canja. Ba ta ba shi haƙuri ba, don ta san haƙurin zai fi yi masa zafi. Sai ta zaro zare daga gefen zanenta, ta tsinka shi uku.

"Biro na malalata ne. Ta faifan sama ƙulli ɗaya, ta titi ƙulli biyu, ta mai tike uku. Ramin kuma ka riƙe a kanka, in akwai wuri."

Ya nuna mata ɗan harshen roba da ake dannawa, ta danna, wayar ta fito sumul. Ta cire ukun. Suka auna sabon kabul da tsohon, ita ta riƙe, shi ya yanke da hagu, ta mayar da zaren kowace a kan sabuwarta. Ta farantin sai da ya hau kan tebur ya zura ta ta hujin bango, tana riƙe da ƙafarsa tana cewa in ya faɗo ba za ta tare shi ba.

"Yanzu ki fere bakin, kamar gaɓar yatsa biyu. Bawon kaɗai, kada reza ta taɓa na ciki."

"Ni za ka koya wa reza? Shekara hamsin ina tsaga kaba."

Ta zagaya reza sau ɗaya, ta zare bawon. Sai ga ƙananan wayoyi takwas masu launi, an murɗa su biyu-biyu.

"La ilaha illallahu! Kitso ne a ciki. Wa ya yi masa? Ba ta iya ba."

"Nasara ne. Ki warware, ki miƙar da su, ki jera yadda zan faɗa. Fari mai ratsin ruwan goro, sai ruwan goro. Fari mai ratsin kore, sai shuɗi."

"Sai kore dai."

"Sai shuɗi na ce."

"Ka raba ɗa da uwarsa? Mai ratsin kore ai kore ce ta haife shi."

"Haka aka tsara, Kadi. Bayan shuɗi, mai ratsin shuɗi, sannan kore, sai mai ratsin ƙasa-ƙasa, sai ƙasa-ƙasa."

"Wanda ya tsara wannan bai taɓa saƙa faifai ba. Da ni ce na kai wannan jerin kasuwar Bande, da dariya za ta kashe mata."

Tana mita yatsunta na aiki. Kafin ya rufe baki ta jera takwas ɗin, ta latse su tsakanin yatsu biyu sun kwanta reras, ta daidaita bakinsu da almakashi, ta zura su cikin ɗan kan roba mai haske. Abdulmajid ya ɗaga shi wajen taga ya duba, kowace ta kai ƙarshe.

"Ba laifi," in ji shi.

"Ba laifi? Yaba mini ko in zare."

"Husaini sai da ya yi sati biyu kafin ya iya wannan."

"Malaminsa ne dakiki."

Saura matsi. Ya ɗauko wani ƙarfe mai kama da awartakin maƙera, ya ce a nan ake sa kan, a matse har ya yi ƙara. Kadi ta kama da hannu biyu ta matsa, ƙarfen ya ƙi rufewa. Ta sake, jijiyoyin wuyanta suka tashi, a banza.

"Ina furar da kike sha take zuwa?"

"Wajen renon jikoki marasa godiya. Karɓi."

Ya karɓa da hagu. Ya matsa, ƙarfen ya karkace, wayoyin suka zame. Ta sake jerawa. Ya matsa, kan robar ya tsage. A na uku ya dafa ƙarfen a gwiwa, ya zuba ƙarfinsa duka, sai ya kuɓuce ya faɗi ƙasa. Abdulmajid bai ɗauka ba. Ya zauna a kan benci, ya sa hannun daman a tsakanin cinyoyinsa, ya sunkuyar da kai.

Kadi ta jira zagin da zai biyo, bai zo ba. Can waje ana jin masu amalanke na wucewa kasuwa.

"Likita ya ce ƙila su miƙe, ƙila ba za su miƙe ba," in ji shi, murya can ƙasa. "Ko Innata ban gaya wa ba. Ni ban iya noma ba, Kaka, ban iya kiwo ba. Wannan kaɗai na iya."

Rabon da ya kira ta Kaka tun yana ɗan makaranta a lakwal. Ta zauna kusa da shi, ta buɗe hannunta na dama a kan gwiwarsa. Manuninta a karkace yake, ya kauce wa 'yan'uwansa kamar ƙugiya.

"Ka san wannan?"

"Na sani. Lakatar man shanu ce ta lanƙwasa shi."

"Uwaka. Igiyar saniya ce. Ina goye da uwarka, wata ja mai baƙin hali ta fizga, igiyar na naɗe a yatsan. Mai ɗori ya ɗora shi a karkace. Damina guda ban tatsi nono ba. Bafillatana ba tatsa, ka san abin da ake kallonta da shi? Bayan rumbu nake zuwa in yi kukana in share ido in dawo. Sai uwar kakanka, Allah ya jiƙanta, ta zubo mini kaba a cinya, ta ce in saƙa. Na ce da wane hannun? Ta ce da wanda ya rage. Faifan farko da na yi, kakanka ya ɗauka ya ce wa ya yar da takalmi."

Kafaɗarsa ta motsa kaɗan.

"Ban ce naka za su miƙe ba, wannan sai Allah. Nawa bai miƙe ba har yau. Abu ɗaya ya hana ni, nuna mutum. In na nuna Jibo, sai na kusa da shi ya amsa."

Ya goge ido da bayan hannu. "Shi ya sa kika auri kakana. Wani kika nuna."

"Wallahi wani dogo ne a bayansa. Ɗauko awartakin."

Ya ɗauko. Ta jera wayoyin a sabon kai, ta zura cikin ƙarfen. Ta kamo hannunsa na dama ta ɗora a kan mariƙin, ya so ya janye, ta riƙe gam. Ta ɗora hagunsa a kai, ta ɗora nata biyun a sama.

"Bismillah. Matsa, ba kunun jego kake damawa ba."

Suka matsa tare. Ƙarfen ya ce ƙas.

"Da zafi?"

"Kaɗan."

"Madalla, yana da rai ke nan. Kawo na gaba."

Kawuna shida aikin ke so, biyu ga kowace waya. Suka bi su ɗaya bayan ɗaya, tana jerawa, suna matsawa, yana cewa tana warin man shanu, tana cewa shi warin katifa yake. A kai na ƙarshe, na wayar titi, ya juya yana neman almakashi. Kadi ta dubi mai ratsin koren nan a gefen shuɗi, abin ya tsaya mata a rai. Ta faki idonsa, ta maido kore kusa da ɗanta, ta tura shuɗi gaba, ta zura. Suka matse.

Ya bi ya jona ɗaya bakin kowace inda tsohuwarta ta fito, sannan ya karanta ƙullin zaren, ya gaya mata ramin kowace, ta tura har suka ce ƙyat. Ya kunna ruta. Fitila ta farko ta kama, koriya. Ta uku ta kama. Ta biyu shiru.

Ya zare wayar titi, ya ɗaga kan wajen taga, ya daɗe yana kallo.

"Kadi."

"Na'am, maigida."

"Me kore take yi a nan?"

"Zumunci."

"Na ce shuɗi!"

"Kai dubi yadda ya yi kyau. Bijimin naka ne ba shi da ido."

"Tsohuwar nan za ta kashe ni. Kawo, kawo nan, kin ɓata mini kai guda."

Ya fizge wayar, ya datse kan, ya miƙa mata ta fere. Tana zare bawon ya karɓe, yana faɗa. Ya warware da hagu, yana lissafa launukan da ƙarfi kamar mai yi wa kurma magana. Ya jera su, ya latse su tsakanin babban yatsansa na dama da gefen lanƙwasasshen manunin. Suka zame. Ya ja tsaki, ya sake jerawa, ya sake latsewa, a wannan karon suka tsaya. Ya riƙe har ya zura su cikin kan.

Kadi ta kawar da kai, ta shiga kakkaɓe ƙurar tebur da gefen mayafi, wai kada ya ga idonta.

"Zo ki matsa mana, kin tsaya shara."

Suka matse, ya tura wayar da kansa. Fitila ta biyu ta yi ƙyaf-ƙyaf, ta tsaya koriya. Sai a sannan ya dubi hannunsa. Ya dube ta. Ta ɗaga gira.

"Ni ban ga komai ba. Na dai ga mutum ya ƙwace mini aiki bayan na gama mai wuyar."

Ya jawo kujera gaban ordinata, ya hure ƙurar, ya shiga danne-danne da hagu, jefi-jefi yana taɓawa da ƙugiyar yatsan. Ba a jima ba sai ga Jibo mai shayi a bakin ƙofa, salula a hannu, haƙoran nan huɗu duk a waje.

"Abdulmajid! Alhamdu lillahi, kai ne a zaune? Sannu, sannu da jiki. Rezo ya dawo, salulata ta kama wifi, amma ba sunan butik ɗinka nake gani ba. Wani sabo ne ya fito."

"Karanta mata."

Jibo ya matso da salular kusa da ido. "Kadi. An rubuta Kadi."

"Ni?" Ta dafe ƙirji. "Me na yi?"

"Na sallama, tsohuwa, kin ci," in ji Abdulmajid. "Na sa wa wifi sunanki. Daga yau duk wanda ya buɗe salularsa a unguwar nan, ke zai nema."

"Har samari?"

"Har masu gemu."

"To ka sa mini kwaɗo mai ƙarfi, ni ba kowa nake kulawa ba."

"Sai mai tike."

"Jibo fa?"

"Jibo tikensa biyu."

Ta karɓi salular daga hannun Jibo. Ba ta taɓa zama a aji ba, ba ta kuma taɓa ganin sunanta a rubuce ba sai a katin ɗan ƙasa, shi ma a ƙunshe yake cikin leda a ƙasan akwati. Abdulmajid ya nuna mata wurin, haruffa huɗu, da 'yan layukan rezo a gefe sun cika. Ta kai karkataccen yatsanta ta shafa su a hankali, daga na farko har na ƙarshe. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan ce ni?"

"Ke ce."

"Kai, ka ramar da ni. Ƙara mini ƙiba, kada mutanen Dungas su ce ba ka ciyar da ni."

Abdulmajid ya kwashe da dariya, irin wadda ke fitowa daga ciki, har ya dafa tebur da hannun daman bai sani ba. A tsakar gida Rakiya na daka. Da ta ji, ta tsayar da taɓarya, ta jingina ta da kafaɗa, ta tsaya tana saurare.